Ɗanyen katako: abin da ke sa gadon Parakou ya tsage a Gaya

Wannan bayani naka ne, kai da ke sayen gado, kabad, benci ko kantar shago a wajen kafintocin Ganou da sauran unguwannin Parakou, ko a Djougou, ka ɗora a mota zuwa Malanville, Gaya, Kamba, ko ka bi ta Nikki ka faɗa Chikanda. Kai ma makiyayi da ke ba da aikin komin shayar da dabbobi ko akwatin kaya, matso kusa.

Ƙorafin da aka saba ji shi ne: kaya ya bar hannun kafinta sumul, amma sanyi na shigowa sai saman tebur ya buɗe baki, ƙofar kabad ta karkace, gado ya fara ƙara. Sai a ce kafinta ya ci amana. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa laifin na ruwan da ke cikin katakon ne.

Itace yana shan laimar iska, yana kuma fitar da ita, ko bayan shekara goma da yanke shi. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke, kuma a faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. A Parakou da Djougou ana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, damina kuma tana kaiwa watan Oktoba. Katakon da aka yi aiki da shi a watan Agusta yana iya riƙe ruwa kashi 18 cikin 100. Ka kai shi arewa, hunturu ya buso, sai ya sauka zuwa kashi 6 ko ƙasa da haka. Saman tebur mai faɗin santimita 80 yana iya raguwa da santimita 2. Idan an danne shi da ƙusa ta ko'ina, ina zai je? Dole ya tsage.

To, yaya za ka gane busasshe tun kafin ka biya? Ka ɗaga shi: ɗanye ya fi nauyi, kuma yana da sanyi a tafin hannu. Ka ƙwanƙwasa: busasshe yana ƙara tas, ɗanye kuwa dum. Ka ce a ɗan yanka bakinsa da zarto, ka damƙi garin. In ya dunƙule, da sauran ruwa. Hanya mafi tabbas kuma tana shagonka, wato sikeli. Ɗauki guntu ɗaya ka auna, ka rubuta nauyin a jikinsa, ka riƙa aunawa duk mako. Ran da nauyi ya daina sauka, ya bushe daidai da iskar wurin.

Idan kai za ka shanya da kanka, kada ka jingina shi a rana. Ka shimfiɗa shi a inuwa, a ɗage daga ƙasa saboda gara, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Ka shafa fenti a bakin kowane katako, domin ta nan ruwa ke saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Aikin watanni ne, kuma mai kauri ya fi daɗewa. Shi ya sa mai dabara ke ba da aikinsa a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu ko Maris.

Sai irin itacen. Tek, wanda ake shukawa da yawa a Benin, ba ya yawan motsi, gara ma ba ta cika son sa ba. Amma ka duba launi: cikinsa mai ruwan ƙasa shi ne mai ƙarko, farin gefen nan kuwa abincin ƙwari ne, kuma ƙaramin tek farinsa ya fi yawa. Kada a rufe maka shi da fenti. Malaina ba ta da nauyi, tana da sauƙin aiki, amma tana jinkirin bushewa ƙwarai.

Madobiya, kawo da maɗaci kuwa katako ne na gaske, sai dai akwai magana. Makiyayi ya san su fiye da kowa, tunda ganyensu ke riƙe shanu in ciyawa ta ƙare da rani. Saran madobiya, wadda 'yan katako ke kira koso, ya yi yawa saboda kasuwar Sin, har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES tun 2017. Kawo da maɗaci suka biyo baya a 2023. Ma'ana, gungumensu ko katakonsu ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini. In ka ɗauko babu takarda, 'yan gandun daji ko duwan suna iya ƙwace kayan, uwar kuɗi ta tafi.

Abu na ƙarshe, ka leƙa mahaɗa. Kujera ko gadon da aka fafe wa rami a wannan itace, aka sassaƙa harshe a wancan, aka haɗa da gam da turken itace, ya fi wanda aka buga wa ƙusa kawai jure hanya. Ka ce a shafa mai ko fenti ciki da waje, har ƙarƙashi, don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa. Komin dabbobi kuwa, kada a shafa masa baƙin man mota a ciki da sunan maganin gara, guba ne ga dabba.

In za ka ba da aiki, ka tambayi kafinta yaushe aka tsaga katakon, ka kuma gaya masa garin da kayan za su zauna. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya.