Sarrafa Bayanai a Dunƙule Maimakon Layi-Layi a Aikin Ƙamus

1.0 Gabatarwa

Rumbun bayanai na kwamfuta yakan adana kalmomin ƙamus cikin jadawali, kowace kalma da layinta. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi biyu na yi wa irin wannan jadawali gyara.

2.0 Hanyoyin Biyu

Hanya ta farko ita ce bin layi-layi, wato a ɗauko kalma, a duba ta, a gyara, sannan a ɗauko ta gaba. Idan kalmomin sun kai 40,000, sai an aika wa rumbun umarni sau 40,000, kuma in aiki ya katse, sai a bar jadawalin rabi gyararre.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga tsarin da E. F. Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, wanda aka gina harshen SQL a kansa. A nan, sharaɗi kawai ake faɗa, misali "duk sunan da ya ƙare da wasalin -a, a sa masa alamar jinsin mace". Umarni ɗaya ya wadatar, rumbun ne zai zaɓi hanya mafi sauri, kuma ko dai gyaran ya shiga dukkansa ko kada ya shiga sam.

3.0 Kammalawa

Sai dai akwai abin lura. Sharaɗin da ke sama zai mayar da "gida", "ruwa" da "nama" jinsin mace nan take, alhali kuwa jinsin namiji ne. Saboda haka, wajibi ne manazarci ya tantance ƙa'idarsa da togaciyarta kafin ya ba da umarni.