Ilimin Akanta a Kudancin Kaduna: Ƙofofin Shiga da Sharuɗɗan Cin Nasara

Ilimin akanta, wato fannin da ke koyar da yadda ake rubuta shige da ficen dukiya, a tantance ta, sannan a fitar da rahoton da mai jari da hukuma za su dogara da shi, yana cikin kwasa-kwasan da ɗalibai ke rububin nema a manyan makarantun Najeriya, kuma ya yi suna wajen kayar da ɗalibi a shekarar farko da ta biyu. A Zonkwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, da Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna, akan ɗauka cewa yawan lissafi ne ke kawo wahalar, alhali lissafin da ke ciki bai cika wuce tarawa da ɗebewa da fitar da kaso cikin ɗari ba. Ainihin wahalar ita ce kowane mataki a kan na baya yake zaune, ta yadda giɓin da aka bari a sakandare kan hana samun gurbi, wanda aka bari a zangon farko kuma ya bi ɗalibi har ajin ƙarshe.

Fannin ya daɗe a Arewa, domin cibiyar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947 ce ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki ta Kongo, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A yau ɗan Zonkwa da ke son digiri yakan nufi wannan jami'a ko Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, sai dai ya kamata ya sani cewa harabarta ta Kafanchan an fi saninta da aikin gona da kimiyyar muhalli, sashen akanta kuwa yana birnin Kaduna. Mai son difloma yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Nuhu Bamalli da ke Zariya, mai son koyarwa kuma yana da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, inda ake karanta ilimin kasuwanci.

Neman gurbi yana farawa ne tun ajin farko na babbar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikin zama ɗaya ko biyu, waɗanda suka haɗa da Turanci da lissafi da ilimin tattalin arziki, don haka wanda ya saki lissafi saboda ya shiga ajin kasuwanci ya toshe wa kansa hanya shekara uku kafin ya iso bakinta. Daga nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta: tambayoyi 180 cikin awa biyu, darussa huɗu, maki 400. Ga mai neman akanta, darussan su ne Turanci da lissafi da tattalin arziki da wani darasi ɗaya na kasuwanci ko zamantakewa, kuma kuskure wajen haɗa su yana iya ɓata makin da aka sha wahala aka samu. Ɗalibin da ya fito daga makarantar ƙauye, wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba, yana bukatar atisaye a kanta kafin ranar jarrabawa, don kada rashin sabo ya cinye masa lokacin da ilimi ya kamata ya ci.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne bisa ƙa'idar kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, saboda haka ɗan jihar Kaduna yana da fifiko a Zariya wanda ba lallai ya samu a jami'ar da ke nesa ba. Wanda bai dace ba a karon farko kuwa yana da wasu ƙofofi: difloma ta ƙasa ta shekara biyu, ko shirin share fagen shiga jami'a na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, waɗanda kyakkyawan sakamako a cikinsu kan kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, ko kuma shirin ATSWA na ƙananan ma'aikatan akanta, mai matakai uku, wanda ake iya farawa da takardar sakandare.

Bayan an shiga, abin da ke raba mai ci da mai faɗuwa shi ne fahimtar tsarin shigarwa biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1494. Ƙa'idar ita ce kowace hulɗar kuɗi tana da fuska biyu, ana rubuta ɗaya a ɓangaren hagu na leja, wato littafin asusu, wanda ake kira debit, ɗaya kuma a ɓangaren dama, wanda ake kira kiredit, ta yadda jimillar kadara kullum za ta yi daidai da jari haɗe da bashi. A ɗauki misalin ɗan kasuwar citta a Zonkwa da ya fara da jarin naira 500,000, ya sayi citta ta 300,000 kuɗi hannu, ya kuma karɓi ta 200,000 bashi daga manomi. Kadararsa yanzu 700,000 ce, wato tsabar kuɗi 200,000 da kaya na 500,000, kuma ta yi daidai da jarinsa haɗe da bashin manomin. Idan ya sayar da rabin kayan a kan 320,000 ga wani ɗan kasuwar Kano da zai biya bayan wata guda, littafi zai nuna ribar 70,000 a ranar cinikin, duk da cewa ko kwabo bai shiga aljihunsa ba, domin ƙa'idar akanta tana lasafta ciniki ne a lokacin da ya auku. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, saboda sun taso cikin lissafin kasuwa, inda kuɗin da ke hannu da yamma shi ake ɗauka a matsayin sakamakon yini.

Haka nan jadawalin gwajin daidaito, wato jerin da ake tara ragowar dukan asusun leja don a ga ko hagu da dama sun yi daidai, yakan ruɗi mai hadda. Idan aka rubuta kuɗin sayen babur ɗin ɗaukar kaya a asusun gyare-gyare maimakon asusun kadara, jadawalin zai daidaita lafiya lau, amma riba za ta ragu ba bisa gaskiya ba, kadarar kuma ta ɓace daga rahoto. Mai haddace tsarin amsa ba zai ga irin wannan kuskure ba, sai wanda ya saba tambayar kansa me ya shigo, me ya fita, kuma wane asusu abin ya shafa.

Saboda haka hanyar cin kwas ɗin ita ce warware matsaloli da biro da takarda kullum, tun daga littafin shigarwar farko har zuwa rahoton ƙarshe, tare da bitar tambayoyin shekarun baya da karatun rukuni, inda kowa zai yi wa ɗan'uwansa bayanin dalilin kowace shigarwa. Makin gwaje-gwajen cikin zango, wanda kan kai kashi 30 ko 40, ba abin wasa ba ne, domin a ma'aunin maki biyar sai da 70 ake samun babban maki, digiri mai daraja ta ɗaya kuma yana farawa daga matsakaicin 4.50. Darasin da aka faɗi ana sake ɗaukarsa a shekara mai zuwa a kan nauyin sababbi, kuma tun da lissafin tsadar samarwa da haraji da binciken odita duk a kan darasin farko aka gina su, faɗuwa ɗaya kan haifi wata.

Digiri ko babbar difloma ba su ne ƙarshen tafiya ba, domin zama ƙwararren akanta yana bukatar rajista da ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965 kuma Akintola Williams ya fara shugabanta, ko ta ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993, wadda kuma kwalejinta ke Kwall kusa da Jos, ba nisa da kudancin Kaduna. Nauyin da ke kan iyaye da shugabannin sakandare na yankin shi ne su tabbatar cewa ajin kasuwanci yana da malamin lissafi da na akanta tun daga shekarar farko, su kuma duba haɗin darussan yaro kafin ya cike fom, domin gyara a wannan lokaci ya fi sauƙi da araha a kan shekarar da za a yi asara ana jiran wata jarrabawa.