Harajin Albashi Ba Zakka Ba Ne: Lissafin Abin da Zai Shigo Hannun Ma'aikaci

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, aka ce za ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, magana ɗaya ke yawo tsakanin malaman firamare da ma'aikatan asibiti daga Batsari zuwa Safana a jihar Katsina: wai duk wanda albashinsa ya haura naira 800,000 a shekara, za a yanke masa kashi 15 cikin 100 na albashin kacokan. Har akwai masu fargabar ƙarin girma, wai kada ya jawo musu asara. Wannan zance ba gaskiya ba ne, kuma abin takaici ne a ji shi a bakin masu koyar da lissafi.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Mun tashi da hukuncin zakka, inda dukiya in ta cika nisabi, a kan dukkanta ake fitarwa. Harajin albashi ba haka yake ba. Naira 800,000 ta farko ba a taɓa ta, ko albashinka miliyan goma ne. Abin da ya ɗoru a kanta, har naira miliyan 2.2, shi ake cire wa kashi 15. Miliyan 9 da ke biye kashi 18 ne, a haka har a kai kashi 25 ga abin da ya wuce miliyan 50, wanda ba matsalar malamin Runka ko Ruma ba ce. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuwa, dokar ta yafe masa.

A ɗauki mai naira 100,000 a wata, wato 1,200,000 a shekara. A ce ana cire masa kashi 8 na fansho, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tsara wa ma'aikatan tarayya da na kamfanoni: 96,000 ke nan, saura 1,104,000. A ware 800,000, saura 304,000. Kashi 15 na wannan shi ne 45,600 a shekara, naira 3,800 a wata. Abin da zai shigo masa 88,200 ne. Ina 3,800, ina 15,000 da ake tsorata shi da ita?

To me ya sa alat ke zuwa ƙasa da haka? Kuɗin ƙungiya, na inshorar lafiya, bashin banki, bashin taki ko shinkafar azumi da aka ci ta hannun ƙungiyar ma'aikata, duk a hanya ake zare su, mutum ya haɗa su ya kira su haraji. Shi kansa harajin, asusun jihar Katsina yake shiga, ban da na 'yan sanda da ke tafiya ga tarayya.

Akwai wani sassauci da ya fi shafar yankinmu. Dokar ta yarda a rage kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, kafin a lissafa haraji. Ma'aikata da dama da rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka suna haya a cikin garin Batsari, Dutsin-Ma ko Katsina. Mai biyan 150,000 zai rage 30,000, harajinsa ya sauka da 4,500 a shekara. Sai dai hayar tamu da baki ake ƙulla ta, a miƙa kuɗi gaban shaidu, babu rasit, kuma sai ka bayyana abin da ka biya sannan a rage maka.

Haƙƙin hukuma ne ta ba kowane ma'aikaci takardar albashi mai nuna abin da aka cire, layi-layi. Barin mutane da alat kaɗai shi ke ciyar da jita-jita. Malam, nemi taka a ofishin albashi, ka karɓi rasit wurin mai gidan haya, ka zauna da biro ka buga lissafinka da kanka.