Kare Bai San Iyaka Ba, Sai Mai Karen

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta rabu daga Gijiba zuwa Colire ya san tana ratsa arewacin gandun dajin Binuwai. Da rani idan an ƙone ciyawa sabuwa ta tsiro, mukan ga mariya da kanki suna tsallaka titi ba tare da wata fargaba ba. To, a irin wannan wuri ne maganar da muke so mu yi yau ta taso, wato abin da ya kamaci maharbi idan ya ji wa dabba ciwo, ta gudu da rauni, karensa kuma ya ɗauki sawu ya nufi inda ba nasu ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne wani ɗalibinmu da ya yi kwana 3 bai zo makaranta ba. Da muka bincika, ashe mahaifinsa ne ya harbi mazo a bayan gonarsa, mazon ya tsere da kibiya a jikinsa, karnuka biyu suka bi. Suka ratsa gonar maƙwabci, suka watsa audugar da aka tara ana jiran awo, sannan suka faɗa dajin haya. Can masu gadi suka same shi. Nama bai samu ba, kare ɗaya bai dawo ba, ga tara, ga kuma rigima da maƙwabcin da suka yi shekaru suna gaisawa.

Kada mai karatu ya ce ai sai ya ƙyale mazon. Ba haka maharba suka gada ba. Barin dabba da rauni a daji abin kunya ne, domin za ta yi kwanaki tana wahala, ƙudaje na cin ciwon, kafin kura ta ƙarasa ta. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun ce dabbar da aka riska da sauran rai sosai sai an yanka ta, kuma idan ta ɓace wa maharbi har ta kwana, bai kamata a ci ba. Ita ma hukuma haka ta gani. Dokar namun daji ta ranar 20 ga Yuli, 1995 ta tanadi cewa wanda ya ji wa dabba rauni ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ƙarasa ta, in ya kasa kuma ya kai rahoto ga hukuma mafi kusa cikin awa 24.

A nan ne amfanin kare yake. Ido yana ganin jini na ɗan lokaci ne kawai, da zarar ɗigon ya yi nisa da juna a kan tsakuwa sai sawu ya ɓace. Hancin kare kuwa yana bin warin dabbar ko babu jini. Tsofaffin maharba sun gaya mana cewa da sassafe, kafin rana ta busar da ƙasa, kare ya fi kama wari, da tsakar rana a lokacin hunturu kuwa sai ya yi ta dawurwura. Sukan duba jinin tun a inda aka yi harbin. Mai kumfa, mai haske, daga huhu yake, dabbar ba za ta yi nisa ba. Wanda ya haɗu da ɗanyar ciyawa daga tumbi yake, kuma a nan ne yara suke kuskure. Irin wannan dabba idan aka bar ta takan nemi duhuwa ko bakin ruwa ta kwanta, jiki ya yi tsami. Idan kuwa aka sakar mata karnuka nan take, sai ta miƙe da gudu, ba za ta tsaya ba sai ta ƙetare gona uku da rafi. Gaggawar maharbi ce, sau da yawa, take kai dabba ƙetaren iyaka.

Iyakoki kuwa a Mayo Rai sun yi yawa. Daga yamma ga gandun Binuwai, kimanin hekta 180,000, wanda aka keɓe tun 1932, ya zama gandun ƙasa a 1968. Daga gabas ga Buba Njida, hekta 220,000, ya jingina da iyakar Cadi. Tsakaninsu kuma ga dazuzzukan da gwamnati ke ba masu jagorar farauta haya, waɗanda a takarda ake kira ZIC, inda baƙi daga Turai da Amurka suke biyan kuɗi mai yawa domin su harbi ɓauna ko gwanki. Idan an haɗa duka gandaye da dazuzzukan haya na jihar Arewa, sun cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na jihar. Dokar 20 ga Janairu, 1994 ta halatta farautar gargajiya, amma ta cire wuraren da aka keɓe wa namun daji da kuma filin wani. An maye gurbin dokar da sabuwa a watan Yuli na 2024, amma gandu yana nan gandu.

Gaskiya ne, manomi na da abin cewa. Wasu iyakokin a taswira kawai suke, a ƙasa kuwa sai a ce maka daga wancan rafi zuwa wancan dutse. Kuma dabbar da take fitowa daga dajin haya ta cinye masa masara ba ta neman izinin kowa. Wannan ƙorafi muna jin sa kullum, kuma ba mu ce ƙarya ne ba. Amma masu gadi su ma suna da nasu dalili. Tun da mahaya dawakai suka shigo Buba Njida a farkon 2012 suka kashe ɗaruruwan giwaye, har aka kawo soja, duk wanda aka gani da makami a cikin gandu ba a yi masa kyakkyawan zato. Mai gadi ba shi da hanyar da zai rarrabe mai bin mazo mai rauni da ɓarawon nama. Ga kuma cutar haukan kare da karnukan gida kan iya kai wa namun daji.

A Jamus, inda dajin farauta yake a yanke gida-gida, idan dabba mai rauni ta ƙetara, maharbi yakan sa alama a wurin da ta tsallaka, ya sanar da mai dajin da ke maƙwabtaka, karen bin jini kuma a doguwar igiya ake riƙe shi. Ba mu ga abin da zai hana a yi haka a nan ba. Igiya ba ta da tsada, kuma kare a igiya ba ya watsa audugar kowa. Idan sawu ya shiga gonar wani, a yi sallama da mai gona tukuna, ai ko da can akan ba shi cinya idan an dace. Idan kuwa ya shiga gandu ko dajin haya, a karya reshe a ajiye, a juya, a gaya wa jauro, shi kuma ya kai maganar ga masu gadi.

Yaron dai ya dawo aji. Mai unguwa ya zaunar da iyayen biyu, an biya kuɗin audugar da ta ɓaci. Karen da ya rage yanzu a ɗaure yake a gindin mangwaro, kuma yaron ya ce mana har yanzu da dare yakan yi ta kuka yana fuskantar daji.