Wa Kyaftin Kirk Yake Yi wa Ihu?

Akwai wani guntun bidiyo da bai kai minti ɗaya ba, wanda ya daɗe yana yawo a wayoyi. Wani Bature ne magidanci, sanye da jar riga irin ta soja, riƙe da 'yar na'urar magana kusa da bakinsa. Kumatunsa na rawa, idanunsa kamar za su zazzago, sai ya kwarma ihu da sunan wani mutum, Khan, har amsa-kuwwar ta biyo kyamara zuwa sararin samaniya. A wani shagon caji da tura fina-finai a Bebeji na ga samari suna maimaita shi suna ƙyaƙyata dariya, ɗayansu ya ce wannan ai Ibron Turawa ne.

Mutumin shi ne William Shatner, ɗan Kanada, haifaffen Montreal a 1931. Shi ya fito a matsayin Kyaftin Kirk, shugaban kumbon Enterprise, a shirin ƙagen kimiyya na Star Trek, wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1966 zuwa 1969, kashi 79 cikin zango uku. Ihun kuwa daga fim ɗin The Wrath of Khan na 1982 aka yanko shi. Shekara da shekaru ana kafa misali da Shatner wajen zaƙewa a wasa: ya ɗauko magana ya katse ta a inda ba a katsewa, ya yi shiru, ya ware hannuwa, sannan ya zazzago sauran kalmomin a guje. Me ya kawo haka?

Zargin farko shi ne mafi sauƙi, wato bai iya ba. Wannan bai daɗe a hannuna ba. Kafin Star Trek, Shatner ya yi shekaru a dandalin wasannin Shakespeare na Stratford a Kanada, ƙarƙashin darakta Tyrone Guthrie. A 1956, da rashin lafiya ta kwantar da Christopher Plummer, shi ya hau daɓe a madadinsa a matsayin Sarki Henry na Biyar. A 1961 ya fito a fim ɗin Judgment at Nuremberg tare da Spencer Tracy, a matsayin ƙaramin hafsa mai natsuwa, ba ɗaga murya ba wurga hannu. A cikin Star Trek ɗin ma akwai kashin The Enemy Within, inda na'ura ta raba Kirk gida biyu. Mugun yana gumi, yana zare ido, yana kururuwa. Na kirkin kuwa muryarsa ƙasa-ƙasa, kafaɗa a sake, ko hukunci ɗaya ya kasa yankewa. Mutum ɗaya ne, a mako ɗaya aka ɗauka. Wanda zai iya ƙara wuta ya kuma rage ta haka, da gangan yake yi.

Tunda da gangan ne, ina ya samo? Sawun ya kai ni New York, shekarar 1958, wasan daɓe mai suna The World of Suzie Wong. Shatner da kansa ya sha ba da labarin. Masu sharhi sun kushe wasan, 'yan kallo suna tashi suna ficewa ana tsakiyar yi. Sai ya fara sauya yadda yake furta maganarsa: ya ƙara sauri, ya danna kalmar da ba a zata ba, ya tsaya cak a tsakiyar jimla. Mai niyyar tashi sai ya dakata ya ji ƙarshen zancen. Wasan da aka ɗauka zai mutu cikin kwanaki ya yi fiye da shekara ana nuna shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tallar magani a kasuwar Kwanar Dangora ya san wannan dabara. Zai ɗaga kwalba sama, ya ce wannan maganin, sai ya yi shiru yana bin fuskokin jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mai buhu a ka wanda ya riga ya juya zai tafi, sai ka ga ya waiwayo. Ba wanda ya kama masa riga, rabin jimlar da aka bari a rataye ne ya riƙe shi.

To amma nan ma da sauran rina a kaba. Mun ga a 1961 Shatner ya san yadda ake sassautawa gaban kyamara. Me ya sa bayan shekara biyar ya koma salon daɓe?

Sai na bar kallon fuskarsa, na koma kallon abin da ke kewaye da shi. A sutudiyon Desilu ake ɗaukar shirin, kashi ɗaya cikin kwana shida ko makamancin haka, kuɗi kuma a ƙididdige. Duwatsun baƙuwar duniya na jabu ne, marasa nauyi. Babban allon da ke gaban kujerar kyaftin, inda mai kallo ke ganin jirgin abokan gaba, ba komai a kansa lokacin ɗauka, daga baya ake liƙa hoton. Idan makami ya sami Enterprise, ɗakin ko motsi ba ya yi: mai kyamara ne ke karkata ta, 'yan wasa su yi ta watsa kansu hagu da dama. Ke nan bala'in da ake son mai kallo ya gaskata ba ya ko'ina sai a jikin ɗan wasa. In fuskar kyaftin ba ta ce ana cikin halaka ba, babu abin da zai faɗa.

Ga kuma akwatin da za a kalla a ciki. A 1966 yawancin gidajen Amurka talabijin baƙi-da-fari gare su, ƙarami, hoton ba ya fita tangaran, mai kallo yana can ƙarshen falo. Mu ma mun san wannan zamani. Talabijin ɗaya, unguwa guda, yara a ƙasa, manya a benci, wasu ta taga. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya san na bayan nan ma dole su ji tsawarsa su ga yadda yake murza gashin baki. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma da ma'aunin dandali ya auna motsinsa, irin na 'yan tashe masu wasa a ƙofar gida da dare ba lasifika. Yau kuwa waya ce a tafin hannu, taƙi ɗaya daga hanci, hoton ma an wanke shi tun 2006 ya koma garau. Abin da aka auna don mai kallo daga nesa, mu muna kallonsa a kusa, dole ya yi mana yawa.  

Shaida ta gaba daga abokin aikinsa ta fito. Kafin Shatner an ɗauki gwajin farko na shirin, The Cage, da Jeffrey Hunter a matsayin kyaftin, mutum mai zurfin ciki da ƙarancin motsi. NBC ta ƙi karɓa. A wancan gwajin Spock, ɗaya daga cikin hafsoshin kumbon, wanda duniya ta sani da daskararriyar fuska, yana ɗaga murya, har murmushi ya yi. Leonard Nimoy, wanda ya fito a matsayin Spock, ya bayyana dalili daga baya: da kyaftin ya yi sanyi, shi ya zama dole ya kawo zafi, da Shatner ya zo da nasa zafin sai ya sami damar yin shiru. Ɗaga gira ɗaya da Spock ke yi ba za ta yi nauyi ba in babu mai hayaniya a gefensa.

Saura ihun. Duk hujjojin nan ba su wanke shi ba, domin fim ɗin 1982 na sinima ne, babban allo, kuma daraktansa Nicholas Meyer ya faɗi cewa yakan sa Shatner ya yi ta maimaita fitowa har ya gaji ya daina ƙawa, sannan ya ɗauki wadda yake so. A ƙarshen fim ɗin, wajen jana'izar Spock, muryar Kirk karyewa kawai ta yi a kan kalma ɗaya. Daraktan da ke tace wasa haka, me zai sa ya bar wannan kururuwa?

Amsar tana cikin abin da masu yanka bidiyon suka zubar. Kafin nan Kirk da mutanensa sun sauka cikin wani ƙaton dutse a sararin samaniya, Enterprise kuma ta ji rauni. Kirk ya tambayi Spock ta na'urar sadarwa yaushe gyara zai kammala, dukansu biyu sun san maƙiyinsu Khan yana saurare. Spock ya ce kwana biyu, amma ya saka wata ishara a maganar wadda ke nufin a ɗauki kwana a matsayin awa. Khan, wanda Ricardo Montalbán ya fito a matsayinsa, bai gane ba. Shi ya sa ya gaya wa Kirk ta na'urar magana cewa zai bar shi a binne da rai. Kirk ya san awa biyu kawai zai jira. Abin da yake buƙata shi ne maƙiyinsa ya tabbata ya gama da shi, kuma ta murya kaɗai Khan yake jin sa, ba ya ganin fuskarsa. Ihun nan Khan aka yi wa, a daidai ma'aunin mai girman kai da ke son jin abokin gabarsa ya karaya.

Jim kaɗan bayan haka sai ga Kirk zaune cikin kogo yana gatsar tuffa, yana ba wata ƙaramar hafsa labarin jarrabawar da ya ci a makarantar soja. Ya ɗauko na'urar magana, ya kira Spock cikin muryar yau da kullum ya ce awa biyu ta cika. Aka ɗauke su zuwa Enterprise. Khan bai farga ba sai da ya ga kumbon da ya ɗauka ya mutu yana tafiya a gabansa, fushi ya ɗebe shi ya bi ta cikin hazon Mutara, inda na'urorin jirginsa suka makance, a can Kirk ya ci shi da yaƙi.