Kafin A Ɗora Faranti A Kan Rufi: Wace Talabijin Ta Dace Da Gidanmu?

Duk wanda ya ratsa Zangon Paraku ko Zangon Jugu zai ga faranti a kan rufin gidaje da dama, kuma masu shagunan kasuwar Arzeke ba su da maganar da ta wuce HD. To, mene ne HD ɗin, kuma wane kamfani ya cancanci kuɗin maigida?

HD na nufin hoto mai tsabta. Tsohon hoto layi 576 ne, shi kuwa wannan 720 ne ko 1080. Amma ba ya samuwa sai abu uku sun haɗu: tashar tana watsawa da HD, dikodar tana karɓarsa, talabijin ɗin kuma na zamani ne, an haɗa su da wayar HDMI. In ɗaya ya ɓace, an yi asarar kuɗi. Shi ya sa mai tsohon akwati mai ƙusumbi ba shi da ribar da zai ci a HD.

Canal+ shi ne ya fi yaɗuwa a ƙasarmu. Yawancin tashoshinsa da Faransanci suke, harshen makarantar yaranmu, kuma ya yi suna wajen ƙwallon Turai. Tsare-tsarensa hawa-hawa ne, daga Access zuwa Évasion har zuwa Tout Canal+. DStv kuwa ta fi ƙarfi a Ingilishi, tana kuma da Africa Magic Hausa. Amma wanda ya sayo dikodarta daga Najeriya, da naira zai riƙa biya. A shekarar 2025 Canal+ ya sayi MultiChoice, uwar kamfanin DStv, saboda haka su biyun yanzu gida ɗaya ne. Akwai kuma StarTimes na ƙasar Sin, wanda ya yi suna da sauƙin farashi, da New World TV ta Lome, wadda ta nuna gasar cin kofin duniya ta 2022.

Sai dai ba kowane abin kirki ake saye ba. A 2023 aka ƙaddamar da TNT a Benin, inda ake kama tashoshin gida da eriya da dikodar da ta dace, ba tare da faranti ba. Haka nan tashar Alƙur'ani ta Makka da ta Sunna ta Madina kyauta suke ga mai faranti da dikodar da ba ta kowane kamfani ba. Arewa24 ma, da ta fara aiki a 2014, ta zo ne a matsayin tashar Hausa ta kyauta.

Shawararmu ita ce a yi lissafin shekara, ba na wata ba. Wanda yake biyan sefa 5,000 duk wata, a shekara ya biya 60,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a ƙasar nan a 2023 sefa 52,000 ne. Mai biyan 10,000 kuwa, 120,000 ya fitar, ban da kuɗin dikoda da na wuta. A kuma tuna, in aka yi ruwa mai ƙarfi da damina hoton faranti kan ɗauke, ko na wane kamfani ne.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan nauyi: tsabtar hoto daban, tsabtar abin da ake nunawa daban. Kafin a biya, maigida da uwargida su karɓi jerin tashoshin su duba tare, su sa mai ɗaurawa ya koya musu lambar kulle tashoshi, kada kuma lambar ta shiga hannun yara. A tsayar da lokacin kashewa, domin kada kallo ya ci sallar Magariba da tilawar dare da aikin makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sa albarka a abin da muke nema.