Injin Wanke Kwanuka Na Gurnani Ba Ya Juyawa: Yadda Ake Gano Matsalar Kafin A Ce Ya Ƙone

Kwanan baya wani ɗan'uwana da ke aiki a kicin ɗin wani otal a Sakkwato ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Injin wanke kwanukansu ne, irin na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Yana shan ruwa yadda ya saba, sai ya tsaya yana gurnani, ba ya fesa ruwan. An riga an yanke hukunci cewa moto ya ƙone, har ana maganar kuɗin naɗi. Na ce ya dakata, ya aro mita tukuna.

Na san a nan Tozai, ko Isa da Sabon Birni, da wuya ka shiga gida ka ga wannan inji. Amma moton da ke cikin tsofaffin samfurinsa dangi ɗaya ne da na fankar silin, da injin wanki, da injin da ke tura ruwa tanki. Idan ka iya gwada ɗaya, ka iya gwada sauran. Ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki: babu mai son ya ɗauki inji zuwa Sakkwato saboda abin da za a iya canzawa a tsakar gida.

Injin wanke kwanuka yana da famfo biyu. Ƙarami shi ke zubar da ruwan datti, babba kuma shi ke tura ruwa cikin hannayen da ke fesa kwanuka. A kan moton babban muke magana. Wutar gida bolt 230 ce, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma ita kaɗai ba ta iya tayar da irin wannan moto daga tsaye. Shi ya sa ake masa kwayil biyu, na aiki da na tayarwa, a haɗa na biyun da kafasita, wadda masu gyara ke kira kwandensa. Ita ke sa wutar kwayil ɗaya ta riga ta ɗayan, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa zagayawa yana jan moton. Idan ta mutu, wuta na shiga amma babu mai ba shi turin farko. Duk wanda ya taɓa tura fanka da sanda kafin ta tashi ya ga wannan da idonsa.

A wajen rubuta manhaja na koyi cewa ba a canza abu biyu lokaci guda, kuma da abu mafi sauƙi ake farawa. To fara da kunne. Idan moton shiru yake ƙus, wataƙila wutar ba ta iso shi ba: duba fis, da makunnin da ke jikin ƙofa, da wayoyin da suka saki. Idan yana gurnani, wuta ta iso. Idan kuma yana tashi ya yi 'yan mintuna ya mutu, sai ya huce ya sake tashi, to na'urar kariyar zafi da ke cikinsa ce take yanke wuta, kuma akwai dalilin zafin da za a nema.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, sa mita a kan V~ ka auna soket yayin da injin ke aiki. Wutar da ta faɗi ƙasa da 200 sosai tana sa lafiyayyen moto gurnani da zafi. Hitar da ke ɗumama ruwa a wannan inji tana cin kusan wat 2,000, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Karanta takardar da ke manne a gefen ƙofa ma, domin na Amurka bolt 120 yake sha.

Yanzu cire filogi daga soket gaba ɗaya, kashe makunni bai isa ba. Kafasita tana iya riƙe caji bayan an cire wuta, saboda haka ka haɗa ƙafafunta biyu da sukundireba mai hannun roba, ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya. Wannan hoton ya sha cetona.

Juya farfelar moton da hannu. Idan ta cije, nemi ɓallin gilashi, ƙashi ko tsinken sakace, ko kuma boris ne ya ci. Wannan ba matsalar lantarki ba ce ma.

Idan tana juyawa lafiya, sai kafasita. Wadda ta kumbura ko take yoyon mai ba ta buƙatar gwaji. Amma da yawa suna mutuwa jikinsu sumul. Zare wayoyinta, sa mita a alamar µF, ka kwatanta da lambar da ke jikinta. Yawanci ana rubuta ±5%, wato mai lamba 4µF ya kamata ta nuna tsakanin 3.8 da 4.2. Ba kowace mita mai araha ke da wannan ma'auni ba, ka duba kafin ka saya.

Sai kwayil, inda ake yawan yi wa moto ƙazafi. Sa mita a kan Ω. Irin wannan moto yakan fito da waya uku: ta tsakiya da kwayil biyun suka haɗu a kanta, ta aiki, da ta tayarwa. Auna su biyu-biyu, za ka samu lamba uku, kuma ƙananan biyun idan ka haɗa su dole su ba ka babbar. Misali 40 da 60 da 100. Lambobin sun bambanta daga moto zuwa moto, lissafin ne ba ya canzawa. Idan mita ta nuna OL, ko 1 a gefen hagu, waya ta tsinke a ciki, sai dai ka bari moton ya huce ka sake aunawa, don kariyar zafin da ta buɗe ma haka take nunawa. Idan lambar ta kusa sifili, kwayil ya haɗe.

Gwajin da bai kamata a tsallake ba: ɗora tsinken mita ɗaya a kan kowace waya, ɗayan a jikin ƙarfen moton inda babu fenti. Dole ta nuna OL. Idan ta nuna lamba, wuta na zuba a jikin inji, kuma injin da ake taɓawa da jiƙaƙƙen hannu ne. Kada a sake kunna shi. A nan ne, da inda kwayil ya tsinke ko ya haɗe, maganar mai naɗi ko sabon moto take da tushe.

Sababbin samfuri da yawa ba su da kafasitar moto sam. Allon lantarki ne ke tuƙa moton, kuma wayoyinsa uku lamba ɗaya suke bayarwa duk yadda ka auna su biyu-biyu. Idan sun daidaita amma bai tashi ba, zargi ya koma kan allon ko wayoyin da ke zuwa gare shi.

Na ɗan'uwana dai kwayil ɗinsa lafiya lau, kafasitar ce ta nuna ƙasa da 1 alhali 4 aka rubuta a jikinta. Mai shago ya so ya ba shi mai 6, wai za ta ƙara ƙarfi. Na ce ya nemo mai 4 daidai, domin wadda ta wuce lamba tana ɗora wa kwayil ɗin tayarwa zafi. Lambar bolt ce kawai za ta iya fin ta tsohuwar: mai 450 tana maye gurbin mai 400, amma mai 250 ba ta yi.